Filin Tambaya da Amsa: Darussan Kasuwanci, Lissafin Kuɗi da Kwamfuta a Sakandare

Yawancin wasiƙun da suka zo mana a wannan karo daga iyaye ne da ɗaliban da ke bakin shiga babbar sakandare, inda ake raba yara zuwa ajin kimiyya, ajin adabi da ajin kasuwanci. Mun zaɓi waɗanda tambayoyinsu suka shafi mutane da yawa, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, da aka zo rabon aji sai makaranta ta tura shi ajin kasuwanci, ta ce makinsa bai kai na kimiyya ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin a garinmu ana cewa ajin kasuwanci na waɗanda suka gaza ne. In je in roƙi shugaban makaranta ya mayar da shi kimiyya, ko in bar shi? Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taka zuwa ofishin shugaban makaranta, ina ba ka shawarar ka zaunar da yaron ka tambaye shi abin da yake son zama, sannan ka ɗauko sakamakonsa na shekaru ukun da suka wuce ka duba makinsa na lissafi da na Turanci da na kimiyya. Idan burinsa aikin likita ne ko injiniya, kuma lissafinsa da darasin kimiyyarsa ba su da laifi, to kana da hujjar zuwa ka nemi a sake duba shi. Idan kuwa kai ne kake da wannan buri shi ba ya da shi, ka bar shi inda aka sa shi, domin yaron da aka cusa ajin kimiyya da roƙo yakan shafe shekara uku yana kokawa da Fiziks da Kemistri, ya fito da sakamakon da ba ya shigar da shi ko'ina.

Maganar da ake yi a garinku ana yin ta a garuruwa da dama, kuma tana da asali. Tun da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, aka riƙa tace yara da jarrabawa kafin a ɗauke su, mutane suka ga likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu, sai zukata suka ɗauka cewa hazaƙa ɗaya ce, kuma a ajin kimiyya take. Makarantu da yawa su ma sun taimaka wajen ƙarfafa wannan fahimta, domin maimakon su duba inda kowane yaro ya fi ƙarfi, sai su jera maki daga sama zuwa ƙasa, na sama su tafi kimiyya, sauran a raba su tsakanin azuzuwa biyun da suka rage. Wannan ɗabi'a tana cutar da yara, tana kuma cutar da yankin da tattalin arzikinsa ya ginu a kan fatauci tun zamanin ayarin goro zuwa Gwanja.

Abin da ɗanka zai karanta ba wasa ba ne. A darasin kasuwanci zai koyi yadda kaya ke tashi daga masana'anta ko gona zuwa hannun mai saye, da aikin dillali da babban ɗan kasuwa da mai sayar da ɗaiɗai, da sufuri da ajiya da inshora da banki, da takardun da ake amfani da su a cinikin cikin gida da na ƙetare, da bambancin kasuwancin mutum ɗaya da na haɗin gwiwa da kamfani mai rajista. A darasin lissafin kuɗi zai koyi tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu, a ɓangaren hagu da na dama, wanda wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya wallafa bayaninsa a birnin Banis a 1494, kuma har yau a kansa bankuna da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati suke tafiya. A darasin tattalin arziki zai koyi dalilin tashin farashi da faɗuwarsa, da hauhawar farashi, da haraji, da kasafin kuɗi, da aikin Babban Banki. Yaron da ya riƙe waɗannan darussa uku da kyau, ya haɗa da lissafi da Turanci, ƙofofin digiri a fannin akanta, tattalin arziki, gudanar da kasuwanci, aikin banki, tallata kaya da inshora duk a buɗe suke gare shi.

Akwai kuma hanyar da iyaye da yawa ba su sani ba. Ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, wadda doka ta kafa a 1965, tana gudanar da wani shiri mai matakai uku da ake kira ATS, wanda mai takardar sakandare zai iya shiga idan yana da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi. Ke nan yaro zai iya fara hawa matakalar zama ƙwararren akanta tun yana jiran gurbin jami'a. Ɗaya ƙungiyar akantocin, ANAN, tana da kwalejinta a Kwall kusa da Jos, amma ita sai bayan digiri ko babbar difiloma ake shiga.

Inda nake so ka sa ido shi ne ingancin koyarwa a ajin. Ka tambaya ko akwai malamin lissafin kuɗi na dindindin, ko kuwa ɗan bautar ƙasa ake jira kowace shekara. Ka riƙa buɗe littafin yaron kana dubawa ko ana ba su aikin zana asusu da hannunsu, domin wannan darasi ba ya zama a kai da haddar ma'anoni. Idan malami babu, to wannan ne ya cancanci ka kai kuka ofishin shugaban makaranta da taron iyaye da malamai.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, ina ajin kasuwanci, kuma ina yin darasin sarrafa bayanai a kwamfuta, ina cin sa sosai. Burina in karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a. Wata ƙawata ta ce ba za a ɗauke ni ba. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: 'Yata, ƙawarki ta faɗa miki gaskiya, kuma gara ki ji ta yanzu da ki ji ta ranar cike fom. A yawancin jami'o'in Najeriya, kimiyyar kwamfuta tana cikin fannonin kimiyya, don haka ana neman kiredit a Turanci da lissafi da Fiziks, tare da wasu darussan kimiyya, galibi har da Kemistri. A jarrabawar JAMB kuma, wadda darasi huɗu ake rubutawa, mai neman wannan fanni yana ɗaukar Turanci da lissafi da Fiziks, sannan na huɗu daga cikin waɗanda hukumar ta lissafa. Darasin sarrafa bayanai da kike ci, komai kyawun makinki a cikinsa, ba ya maye gurbin Fiziks.

Ya kamata ki san dalili, domin kada ki ɗauka zalunci ne kawai. Abin da ake koya miki yanzu amfani da kwamfuta ne, wato buga takarda, shirya jadawali, adana bayanai da fitar da su. Abin da ake koyarwa a digirin kimiyyar kwamfuta kuwa shi ne yadda ake ƙera tunanin da na'urar ke bi: tsara matakan warware matsala, auna wanne tsari ya fi sauri idan bayanai suka kai miliyoyi, yadda wutar lantarki ke zama sifili da ɗaya a cikin na'ura, da lissafi mai zurfi da ake yi tun shekarar farko. Ɗalibai da yawa suna shiga da tsammanin za su wuni a gaban allo, sai su tarar rabin karatun takarda ce da biro.

Hanyoyi uku ne a gabanki. Idan har zuciyarki ta kafe a kan wannan digiri, ki je wurin malamin ba da shawara na makarantarku tun yanzu ki nemi a mayar da ke ajin kimiyya, ko da hakan zai sa ki maimaita shekara, domin Fiziks da Kemistri suna da jarrabawar gwaji a ɗakin bincike, kuma ba a koyon su cikin wata uku. Asarar shekara ɗaya a wannan mataki ta fi sauƙi a kan zaman shekara uku a gida ana sake rubuta jarrabawa. Hanya ta biyu ita ce ki gama a ajin da kike, sannan ki nemi malami ki rubuta darussan kimiyya a jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO, tun da jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu, ko da yake wasu fannoni a wasu jami'o'i zama ɗaya suke nema.

Hanya ta uku ita ce wadda nake so ki yi wa kallon natsuwa. Aikin akanta da na banki a yau kusan dukkansa a kwamfuta ake yi, kuma ma'aikatu suna matuƙar neman wanda ya san lissafin kuɗi ya kuma iya sarrafa bayanai masu yawa. Za ki iya karanta akanta ko tattalin arziki, ki koyi manhajar jadawali ta Excel har ki ƙware, ki ɗora da Python, harshen rubuta wa kwamfuta umarni, a gefe, ki zama mai nazarin bayanan kuɗi. A kwalejojin kimiyya da fasaha akwai difiloma ta fasahar ofis da gudanarwa da ke karɓar ɗaliban ajin kasuwanci, kuma a garinku akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, wadda ta mata ce zalla, tana horar da malaman darussan kasuwanci. Duk wadda kika zaɓa, ki buɗe kundin JAMB na shekarar da za ki rubuta jarrabawa, ki karanta sharuɗɗan jami'ar da kike so da idonki, domin kowace jami'a tana da nata ƙarin sharaɗi.

Tambaya: 'Yata tana son karanta lissafin kuɗi don ta yi aikin banki. Na duba littafinta na ga ana koya musu lissafin kuɗin ruwa. Mahaifinta ya ce ba zai yarda ta ci gaba ba, domin haramun ne. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, damuwar maigidanki damuwa ce ta mai tsoron Allah, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Haramcin cin kuɗin ruwa a Musulunci abu ne sananne da ba ya buƙatar dogon bayani. Hukuncin yin aiki a wani banki ko wani sashe na banki kuwa fatawa ce, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne, don haka ku kai tambayar ga malamin da ku biyun kuka amince da iliminsa. Abin da zan iya yi shi ne in bayyana muku abin da darasin ya ƙunsa, domin tambayar da za ku kai wa malam ta zama cikakkiya.

Lissafin kuɗin ruwa ƙaramin yanki ne na darasin, kuma yana cikin lissafin da kowane ɗalibi ke yi, har da na ajin kimiyya da na adabi. Mafi yawan abin da 'yarki ke koya shi ne rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, wa ake bi, wa ke bi, nawa aka samu, nawa aka rasa, da yadda ake gano kuskure ko ha'inci a cikin asusu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi idan sun ƙulla shi zuwa wani ajali, marubuci ya rubuta da adalci, a kuma kafa shaidu. Ɗan kasuwar da zai fitar da zakkar dukiyarsa, kashi ɗaya cikin arba'in, sai ya san adadin kayan da ke shagonsa da kuɗin da ke hannunsa da basussukan da yake bi. Haka nan rabon gado yakan tsaya cik na shekaru a gidajen attajirai da dama saboda mamacin bai bar rubutaccen lissafi ba, 'yan'uwa su koma gaban alƙali suna musu a kan wane shago ne nasa, wanne ne na abokin cinikinsa. Wanda ya iya wannan ilimi yana kashe irin wannan fitina tun kafin ta taso.

Game da wurin aiki, yanayin ya sauya cikin shekarun nan. Bankin Jaiz ya fara aiki a Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano a matsayin banki marar kuɗin ruwa, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, ga kuma kamfanonin takaful da ke gudanar da inshora bisa tsarin taimakekeniya. Gwamnatin Tarayya da kanta ta fara sayar da takardun sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017, na Naira biliyan 100, aka yi aikin hanyoyi da kuɗin. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman da ke koyar da aikin banki da hada-hadar kuɗi na Musulunci. Dukkan waɗannan wurare suna buƙatar akantocin da suka san hanyoyin ciniki na Musulunci irin su murabaha da ijara da mudaraba, suka kuma san tsarin kuɗin ruwa sani na haƙiƙa, domin wanda bai san yadda ake lissafa shi ba ba zai gane shi ba idan aka ɓoye shi cikin yarjejeniya da wani suna. Ban da banki ma, asibiti da makaranta da masana'anta da hukumar zakka da ƙungiyar marayu duk suna da ofishin akanta.

Akwai wata kariya da wannan lissafi ke ba yaro, wadda nake ganin ta isa dalilin koyon sa. Shirin MMM da ya durƙushe a Najeriya a Disambar 2016 ya yi wa mutane alkawarin ƙarin kashi 30 cikin ɗari a kowane wata. Ɗalibar da ta iya lissafin ƙari a kan ƙari za ta ɗauki biro ta ga cewa Naira 100,000 a wannan tsari za ta haura miliyan 2 da dubu 300 cikin shekara ɗaya, ta kuma haura miliyan 54 cikin shekara biyu, sai ta tambayi kanta wace sana'a ce a duniya take haifar da haka. Da a ce a kowane gida akwai yarinya ɗaya da za ta yi wa iyayenta wannan lissafi, da kuɗin adashi da na sadaki da na jarin mata da yawa ba su salwanta ba a wannan shiri da ire-irensa da suka biyo baya, har zuwa CBEX a 2025. Ki nuna wa maigida littafin yarinyar gaba ɗayansa, babi bayan babi, cikin ladabi da lalama, sannan ku je wurin malam tare.

Tambaya: Ni malami ne, an ba ni darasin kwamfuta in koyar a wata makarantar gwamnati da ke da kwamfuta huɗu, biyu ne kawai ke aiki, kuma wuta ba ta zuwa sai jefi-jefi. A ajina akwai ɗalibai fiye da tamanin. Me zan koya musu? Daga wani malami a jihar Bauci.

Amsa: Malam, Allah Ya saka maka da alheri da ka yi tambayar maimakon ka cika allo da rubutu ka koma ofis. Kowa ya san yadda darasin ke tafiya a irin wannan makaranta: malami ya zana allon kwamfuta da madannai da alli, ya ja kibiya ya rubuta sunan kowane sashe, yara su kwafa, su haddace zamunan kwamfuta biyar da sunan Charles Babbage, su ci jarrabawar zango. Sai ranar JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, a ga yaron da ya ci maki mai kyau a darasin ya zauna gaban na'ura hannunsa na rawa, yana tsoron taɓa abin da zai goge masa amsa. WAEC ma ta fara jarrabawa a kwamfuta ga masu zaman kansu tun farkon 2024, kuma sabon tsarin karatun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a 2025 ya sa fasahar zamani cikin darussan dole na babbar sakandare, ya kuma rage darussan sana'a daga fiye da talatin zuwa shida, ɗaya daga cikinsu gyaran kwamfuta da wayar hannu. Sanarwa ba ta kawo wuta aji, amma tana nuna cewa ɗalibanka ba su da mafaka daga wannan na'ura.

Farko ka tabbatar kowane yaro ya taɓa kwamfutar da hannunsa. Ka raba su rukuni-rukuni na mutum huɗu ko biyar, ka rubuta jadawali ka manna a ƙofa, duk ranar da wuta ta zo a san rukunin da ke kan layi. Minti goma sha biyar sun isa yaro ya kunna na'ura, ya buɗe shafi, ya rubuta sunansa da na garinsu, ya adana, ya rufe, ya sake nemo abin da ya adana. Ka koya musu cewa a jarrabawar JAMB ana iya zaɓen amsa da haruffan A, B, C da D, a matsa gaba da N, a koma baya da P, domin wannan ɗan sani yana kwantar da hankalin yaro ƙwarai a ranar.

A ranakun da babu wuta, ka koyar da abin da ba ya buƙatar ta, wanda shi ne ma zuciyar fannin. Ka fito da yara takwas gaban aji, kowa riƙe da takarda mai lamba, ka sa sauran su tsara umarni mataki-mataki na jera su daga ƙarami zuwa babba, da sharaɗin cewa biyu kawai ake kwatantawa a lokaci guda, sannan a ƙirga sau nawa aka kwatanta. Ka sa su rubuta matakan gano ko lamba mara ce ko cika, ko na lissafa canjin da mai shago zai bayar, wani ɗalibi ya zama na'urar da ke bin umarnin ba tare da ƙara tunaninsa ba, su ga inda umarnin ya karkace. Lambobin sifili da ɗaya ma da katuna biyar masu ɗigo 1, 2, 4, 8 da 16 ake koyar da su. Wayar hannu da ke gidajensu ita ma kwamfuta ce, kuma akwai manhajojin jadawali da na koyon Python da ke aiki a kanta, don haka ka riƙa ba da aikin gida da za a yi da wayar yaya ko ta uwa. Kada ka manta da darasin tsaro: kada su ba kowa lambar sirri ta kati, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo, ko BVN, komai irin muryar da ta kira su.

Game da kayan aiki, ka rubuta buƙatarka a takarda da farashinta, faifan sola da batir da za su riƙe kwamfuta biyar, ka kai wa kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai. Mutane sun fi saurin bayarwa idan suka ga adadi da abin da za a saya.

Tambaya: Ba na son lissafi, shi ya sa na zaɓi ajin kasuwanci. Zan iya karanta gudanar da kasuwanci a jami'a ba tare da kiredit a lissafi ba? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Ba za ka iya ba, ɗana. Akanta, tattalin arziki, aikin banki da gudanar da kasuwanci duk suna neman kiredit a lissafi, wato daga A1 zuwa C6, kuma za ka sake haɗuwa da shi a JAMB da kuma shekarar farko ta jami'a. D7 da E8 ba sa biyan buƙata. Ka koma kan kashi cikin ɗari da ɓangaren lamba da rabo, domin yawancin masu cewa ba sa son lissafi a nan aka bar su tun firamare, ka nemi wanda zai zauna da kai rabin awa kullum kuna warware tambayoyin shekarun baya.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, shekara talatin ina sayar da hatsi, ban yi boko ba, kuma Allah Ya rufa min asiri. Ɗana yana ajin kasuwanci. Me malamin da bai taɓa sayar da ko mudu ɗaya ba zai koya masa wanda ba zai koya a rumfata ba? Ina tunanin cire shi ya zauna tare da ni. Daga wani ɗan kasuwa a Dawanau.

Amsa: Alhaji, akwai gaskiya a maganarka. Sanin hatsi mai kyau da taɓawa, gane mai saye na gaske daga mai taya, sanin wanda za a ba bashi da wanda za a ba haƙuri, sanin lokacin da ake saye a ajiye da lokacin da ake sakin kaya, babu ajin da ke koyar da su, kuma ɗanka ya yi sa'a da yake da rumfar da zai koye su. Shawarata ita ce ka haɗa masa biyun, makaranta da safe, rumfa da yamma da ranakun hutu, kada ka cire shi.

Ga irin abin da zai kawo maka daga aji. A ce an sayo buhun masara Naira 50,000 a kasuwar ƙauye, aka sayar Naira 56,000, sai a ce an ci ribar 6,000. Yaron da ya koyi lissafin kuɗi zai cire kuɗin mota, da na 'yan dako a lodi da sauke, da la'adar dillali, da kuɗin buhu da ɗinki, da harajin hanya da na kasuwa, da kason wannan buhu a hayar sito da maganin ƙwari, da abin da ya ragu na nauyi bayan bushewa. Wataƙila 2,500 ce za ta saura. Sannan zai tambaya nawa buhun yake yau a inda aka sayo shi, domin idan ya koma 55,000, to kuɗin da ke hannu bayan an biya waɗancan ɗawainiyoyi ba za su sake sayen buhun da aka sayar ba, jari yana raguwa alhali ana ganin kuɗi na ƙaruwa. Wannan ya cinye 'yan kasuwa da yawa a shekarun nan na hauhawar farashi ba tare da sun ga ta inda ɓarnar ta shigo ba. Kai ƙila kana yin wannan lissafi a ka saboda daɗewa, amma abin da ke kanka ba ya gaduwa sai an rubuta shi.

Abu na biyu da za a koya masa tun makon farko shi ne cewa aljihun mai kasuwa daban, asusun kasuwa daban. Kuɗin cefane, gudummawar biki, kuɗin makarantar yara da abin da aka miƙa wa ɗan'uwa da ya zo gaisuwa, idan daga cinikin rana aka ɗauka, sai an rubuta su a shafinsu, domin a ƙarshen wata a san abin da kasuwa ta samar da abin da gida ya ci. Na uku kuma shi ne mu'amala da waɗanda ba sa ciniki da baki. Kamfanonin da ke sayen riɗi da zoɓo da waken suya don fitarwa waje suna neman rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da lambar haraji, da asusun banki na kasuwanci, da takardar yarjejeniya da aka rubuta da Turanci, kuma wanda ba ya iya karanta ta dole ya dogara da wani ya karanta masa.

Ka saya masa babban littafi mai layi, ka ɗora masa alhakin rubuta duk abin da ya shiga rumfa da abin da ya fita daga farkon wata mai zuwa, har da basussukan da kake riƙe da su a ka. Ranar Juma'a bayan sallar La'asar ku zauna ya karanta maka, kai kuma ka gyara masa inda lissafin takarda ya saɓa wa abin da ka sani na kasuwa. Idan zango ya ƙare, ya kai littafin wurin malaminsa na lissafin kuɗi su fitar da asusun riba da asara na wata ukun tare.